Ba gaskiya ba ne cewa zanen bekta iri ɗaya yake fitowa a ko'ina

An daɗe ana cewa idan ka yi tambari ko fosta da bekta, duk kwamfutar da aka buɗe shi haka zai fito. Rabin maganar ce kawai gaskiya. Bekta lissafin layuka ne, don haka ko an faɗaɗa shi ya kai girman allon talla ba ya dushewa. Amma rubutun da ke ciki fa? Sau da yawa fayil sunan salon haruffan kawai yake riƙewa. Ka zana a Windows, mai ɗab'i ya buɗe a Mac ko Linux inda babu wannan salon, sai manhajar ta musanya shi da wani. Layuka su goce, ƙ da ɗ da ɓ kuma wani lokaci su koma akwatuna.

Maganinsa shi ne a mayar da rubutun zane kafin a tura. A manhajar zane ta CorelDRAW, danna Ctrl+Q ke yin haka. Sai dai ka ajiye kwafi na asali, domin bayan nan ba ka iya gyara ko harafi ɗaya.

Launi ma haka. Fuskar kwamfuta da RGB (haɗin hasken ja, kore da shuɗi) take aiki, injin ɗab'i da CMYK (haɗin tawada kala huɗu), shi ya sa shuɗi mai ƙyalli ke fitowa a dushe. SVG, wani nau'in fayil na bekta, don intanet aka ƙirƙire shi, launinsa RGB ne. Wajen ɗab'i, PDF/X, wato nau'in fayil ɗin PDF da aka tsara don ɗab'i, za ka kai, tare da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.