Ma'anar MMO: abin da ke canzawa idan wasan mutum ɗaya ya koma na jama'a

MMO, ko MMORPG, taƙaitaccen suna ne na wasan da dubban mutane ke bugawa lokaci guda a cikin duniya ɗaya ta intanet, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, yana ɗaga matakinsa yana tara makamai da dukiya. Duniyar tana zaune ne a kan manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira uwar garke, kuma tana ci gaba da tafiya ko kana barci. Nan ya bambanta da FIFA ko Free Fire da samarin Yamai da Tawa suka saba da su. Can wasan mintoci ne, a tashi kowa ya kama gabansa. A MMO abin da ka bari jiya shi za ka tarar yau, haɗe da abin da wasu suka yi bayan fitarka.

Inda kalmar ta fi tayar da gardama shi ne idan kamfani ya ɗauki jerin wasan almara da aka sani na mutum ɗaya, mai takubba da tsafi da dodanni, ya ce zai mayar da shi MMO. An yi haka sau da dama. Ultima ya zama Ultima Online a 1997, Final Fantasy XI ya fito a 2002, Dragon Quest X a 2012. Wanda ya fi nuna matsalar a fili shi ne The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda, wanda ya faro da Arena a 1994, ya bi ta Morrowind a 2002 da Oblivion a 2006, ya kai Skyrim a Nuwamba 2011. Wani reshe daban, ZeniMax Online Studios, da aka kafa a 2007 ƙarƙashin Matt Firor, shi ya fitar da The Elder Scrolls Online ranar 4 ga Afrilu 2014. Masoya da yawa sun shiga da tsammanin Skyrim ne za su buga da abokai. Ba haka suka tarar ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake gina irin wannan wasa.

Wa ke da iko

A wasan mutum ɗaya, kwamfutarka ko PlayStation ɗinka ce alƙali. Ka danna, takobi ya sauka, na'urar ta lissafa rauni nan take. A MMO an karɓe wannan iko daga hannunta, don duk abin da aka bar wa na'urar ɗan wasa ta yanke, wani zai yi magudi da shi. Idan ka danna sara, na'urarka tana aika buƙata ne kawai. Uwar garke ta duba ko abokin gaba yana iyakar tsawon makaminka, ko kana da sauran ƙarfi, ko lokacin jiran wannan dabarar ya cika. Sannan ta lissafa raunin, ta aika sakamako gare ka da duk wanda ke kusa.

Don kada ka ji wasan ya yi nauyi, na'urarka tana nuna motsin tun kafin amsa ta zo, bisa hasashe. Idan amsar ta saɓa da hasashen, ta uwar garke ake ɗauka. Shi ya sa wani lokaci kana gudu sai ka ga an fizgo jaruminka baya taku biyar, ko ka kauce wa bugu a allonka amma jininka ya ragu.

Nauyin kuma yana ninkawa da sauri fiye da yawan mutane. Mutum 100 a fili ɗaya, kowa sai an ba shi labarin sauran 99, wato layukan saƙo 9,900. Idan suka zama 200, layukan sun kai 39,800. Saboda haka ake aika wa kowa labarin na kusa da shi kawai, kuma duk da haka yankin Cyrodiil na The Elder Scrolls Online, inda ƙawance uku na wasan ke yaƙin ƙwace ganuwa, ya yi suna da tsinkewa a manyan gumurzu. Wannan lissafin ne ya ci ƙananan abubuwan da mutane ke so a Skyrim. Can kana iya ɗaukar faranti ko dunƙulen cuku ka jefa, ya mirgina, ya tsaya inda ya tsaya har ka dawo. A The Elder Scrolls Online ba ka iya zubar da kaya a ƙasa, sai dai ka sayar, ka ajiye a banki, ko ka lalata shi. Dabarun faɗa ma an taƙaita su zuwa biyar da babba guda a kan layi, da layi na biyu daga mataki na 15.

Babu dakatarwa, babu komawa baya. Buɗe jakar kaya a Skyrim yana tsayar da duniya, har ka sha magani goma dodo yana daskare. Kuskure kuma sai ka loda ajiyar da ta gabata. Agogon da mutum dubu ke amfani da shi ba ya tsayawa saboda mutum ɗaya, don haka mutuwa ta zama tara: a tashe ka a wani wuri, sulkenka ya lalace, ka biya kuɗin gyara.

Jarumi ɗaya, mutum dubu

Matsala mafi wuya ta labari ce. Wasan mutum ɗaya an gina shi kan cewa kai ne zaɓaɓɓe, kuma duniya tana canzawa saboda kai. Ka ceci ƙauye, wuta ta mutu, mutane suka dawo gidajensu. Morrowind har yana barin ka kashe wanda babban labarin ya dogara da shi, ya gargaɗe ka cewa ka tsinke zaren labarin, ya bar ka da zaɓinka. A MMO, wanda ya shigo bayanka da minti biyu shi ma yana buƙatar ƙauyen yana ci da wuta, da mai ba da aiken a raye. Abin kamar rijiyar unguwa ne, ba ka isa ka rufe ta don ka cika tulunka ba.

Dabaru uku ake amfani da su. Ta farko ita ce mayar da abin da aka kashe bayan ɗan lokaci, dodo ya sake bayyana, akwatin ganima ya sake cika. Tana da arha, amma tana zubar da ƙimar labari, domin kakan tarar da mutum shida a layi suna jiran mugun sarkin da ake cewa ba a taɓa cin shi ba. Ta biyu ita ce kwafin wuri: ƙungiyarku ta mutum huɗu ta shiga kogo, uwar garke ta buɗe muku naku kwafin, wata ƙungiya ta samu nata. Wannan tana aiki da kyau, shi ya sa manyan wuraren labari kusan duk a haka ake yin su. Ta uku ita ce nuna wuri ɗaya a yanayi daban-daban gwargwadon inda kowa ya kai a labari, ni ina ganin ƙauyen a ƙone, kai kana ganin an gyara shi.

Ta ukun nan ce ta ba The Elder Scrolls Online kunya a 2014. Abokai biyu su haɗa ƙungiya, su tsaya a wuri guda, amma ba sa ganin juna saboda ɗaya ya riga ya gama aiken, ko ya zaɓi wata hanya daban. Dabarar da aka kawo don a kare labari sai ta hana abin da ya sa aka sayi wasan. Don kauce wa karo da tarihin da aka riga aka sani, an kuma mayar da labarin baya da kusan shekara 1,000 kafin zamanin Skyrim.

Yawo ma ya samu tangarɗa. Elder Scrolls ya yi suna da cewa kana iya juya wa babban labari baya ka nufi duk inda ka ga dama. MMO na gargajiya, irin World of Warcraft na 2004, yana jera yankuna ne bisa mataki, wanda ya tsallake layi ya sha kashi. Haka The Elder Scrolls Online ya fara, har da raba ƴan wasa bisa ƙawancen da suka zaɓa. Gyaran ya zo a hankali. A Maris 2015 aka kawo sata da kisan ƴan gari da masu gadi da ke bin mai laifi, aka kuma janye tilascin biyan kuɗin wata. A Oktoba 2016 sabuntawar One Tamriel ta daidaita ƙarfin kowa da yankin da yake, ta cire shingen ƙawance a wajen fagen yaƙi. A ganina daga nan ne wasan ya cancanci sunan da yake ɗauke da shi.

Kuɗi da halin mutane

A wasan mutum ɗaya, in ka gano hanyar tara zinare miliyan, kanka ka yi wa. A MMO kowane dodo da ya faɗi yana buga sabon kuɗi, kuma dubban mutane suna kashe dodanni dare da rana. In ba a buɗe magudanar da kuɗin zai fita ba, farashi ya yi sama, sabon shiga ya kasa sayen komai. Shi ya sa ake sa kuɗin gyaran sulke, kuɗin tafiyar gaggawa, harajin ciniki da tsadar doki. A makonnin farko na The Elder Scrolls Online an gano wata ɓaraka da ke ninka kaya ta bankin ƙungiya, sai da kamfanin ya rufe bankunan na ɗan lokaci ya kori asusu masu yawa. Ga kuma jarumai na bogi da manhaja ke tuƙawa, suna tsaye a bakin kogo suna kwashe ganima don a sayar da zinaren da kuɗin gaske.

Ultima Online ya riga kowa koyon wannan darasi. Masu ginin sun tsara daji mai rai, inda masu cin ciyawa ke kiwo, masu farauta ke cin su. Ƴan wasa suka shigo suka karkashe komai da saurin da tsarin bai iya bi ba, daga baya aka cire shi. A lokacin gwaji, cikin Agusta 1997, wani ɗan wasa ya kashe Lord British, jarumin Richard Garriott mai wasan, a gaban taro. Kashe-kashen sababbin shiga ya yi yawa har a 2000 aka buɗe duniya ta biyu, Trammel, inda ba a far wa mutum sai da yardarsa.

Suna kaɗai ba ya ceton wasa. Final Fantasy XIV ya fito a Satumba 2010 da kyan gani mai nauyin da tukunyar fure ɗaya ke cin aikin na'ura kamar jarumi sukutum. Kamfanin Square Enix mai wasan ya damƙa aikin ga Naoki Yoshida, aka kashe uwar garken a Nuwamba 2012, aka sake gina wasan, ya dawo a Agusta 2013.

Bugawa daga Yamai ko Tawa

Abu na farko shi ne nisa. Haske a cikin zaren fiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Nijar ba ta da teku, saƙo sai ya bi ta maƙwabta ya kai gaɓa, sannan ya bi wayoyin ƙarƙashin ruwa zuwa Turai. The Elder Scrolls Online yana da manyan uwar garke biyu, ta Arewacin Amurka da ta Turai da ke Frankfurt a Jamus. Ta Turai ce ta dace da mu, ga kusanci, ga agogo: a lokacin sanyinsu awarmu ɗaya, a lokacin zafinsu suna gabanmu da awa guda, don haka cikowar jama'a da dare tana dacewa da namu daren. A zaɓa da kyau tun farko, domin jarumin da aka ƙirƙira a ɗaya ba ya ƙaura zuwa ɗayar, kuma ƴan kwamfuta da ƴan PlayStation ba sa haɗuwa. Wasan yana da Faransanci a rubuce da murya tun fitowarsa.

Lambar jinkiri da wasan ke nunawa a kusurwar allo ta fi saurin saukewa muhimmanci. Jinkirin milisakan 150 da ke tsaye wuri ɗaya ya isa yawo da aike da mafi yawan koguna. Wanda ke tsalle daga 100 zuwa 600 shi ke kashe mutum, kuma haka rezo na salula ke yi da yamma idan eriya ta cika. Haɗa kwamfuta da akwatin intanet ta waya ya fi wifi, kuma a hana sauran na'urorin gida sauke bidiyo lokacin wasa.

Bugawar kanta ba ta cin forfe sosai, don ƙananan saƙonni ne ke kai da komowa. Saukewar farko ce mai zafi, ta haura giga 100, sannan ga sabuntawa ta dole, wadda in ba ka sauke ba ƙofa ba za ta buɗe ba. Kuɗin wata da aka fara da shi a 2014 yuro 12.99 ne, kusan sefa jika takwas da rabi. Yanzu sayen wasan ya wadatar, sai dai a PlayStation ana buƙatar PS Plus, wato rajistar da ake biya don buga wasa ta intanet, kuma duk biyan sai da katin banki mai aiki a intanet ko katin kyauta.

Sai kuran. Idan ya ɗauke a tsakiyar faɗa, jaruminka yana nan tsaye a duniyar na ɗan lokaci kafin uwar garke ta gane ka fita, dodo kuma ba ya jira. In kai ne mai maganin ƙungiyar mutum huɗu, sauran ukun su ma sun tafi. Kwamfutar hannu mai batir ta fi ta tebur a nan, kuma akwatin intanet shi ma yana buƙatar nasa batirin ko ondular, don shi ne ke fara mutuwa.