Waiwaye: Senti biyu da takarda mai huji, inda rigimar kuɗin masu waƙa ta samo asali

Duk mai bibiyar harkar waƙa a 'yan shekarun nan ya saba da kukan marubuta waƙoƙi, musamman na Amurka da Turai. Ana sauraron waƙar mutum sau miliyoyi a manhajojin waya, amma abin da ke shiga aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Ga kuma sabuwar taƙaddama a kan na'urorin da ake ɗura wa dubban waƙoƙi don su koyi haɗa nasu. Da yawa na ɗora alhakin duka a kan intanet. Ni kuwa ina ganin intanet ta zo ne ta tarar da tsarin a kafe, domin ƙa'idar da ake biyan marubucin waƙa da ita a Amurka yau an rubuta ta ne tun 1909, saboda wani piyano da ke kaɗa kansa.

Abin da ya gabaci wannan sananne ne. Ingila ta kafa dokar haƙƙin mallaka ta farko a 1710 don littattafai, Amurka ta shigar da rubutaccen kiɗa cikin tata dokar a 1831. A wancan zamani abincin mai tsara kiɗa yana cikin takarda: a buga alamomin kiɗan, mutane su saya su je gida su kaɗa da hannunsu. Da ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka a 1886, sai aka ware akwatunan kiɗa da ake wana su kamar agogo, aka ce ƙera su da sayar da su ba keta haƙƙin kowa ba ne. Ƙasar Siwizalan ta yi fice a wannan sana'a, kuma ba wanda ya ga barazana a ɗan akwatin da waƙoƙinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Sai ga piyano mai kaɗa kansa ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1890. Yadda yake aiki shi ne, ana ɗaura masa doguwar takarda a naɗe, wadda aka huhhuda tun daga farko har ƙarshe. Mutum ya zauna yana taka fedoji biyu da ƙafafunsa, zugazugin da ke ciki yana zuƙe iska, takardar kuma tana warwarewa a hankali tana bi ta kan wani sanda mai jerin ƙananan ramuka. Duk inda hujin takarda ya dace da rami, iska ta kutsa, gudumar wannan sauti ta bugi tsirkiya. Dogon huji ya ba da dogon sauti, gajere ya ba da gajere. Wanda bai taɓa koyon kiɗa ba sai ga shi yana cika falo da waƙar da ake yayi. Ba a buƙatar sabon piyano don sabuwar waƙa, sabon naɗi kawai za a saya. A shekarar 1902 kaɗai, bisa alƙaluman da aka gabatar a kotu, an yi naɗi miliyan ɗaya zuwa miliyan ɗaya da rabi a Amurka, piyanon da ke aiki kuma sun kai 70,000 zuwa 75,000. Wanda ya tsara waƙar ko sisi ba ya samu daga ciki.

Maganar ta je kotu. A Ingila, kotu ta yanke cewa naɗin ba kwafin waƙa ba ne. A Amurka shari'ar ta kai Kotun Ƙoli tsakanin kamfanin wallafa na White-Smith da kamfanin Apollo mai ƙera piyano, aka yanke hukunci ranar 24 ga Fabrairu, 1908. Alƙalan suka ce kwafi, a ma'anar dokar da ke gabansu, shi ne abin da idon mutum zai kalla ya karanta. Takarda mai huji kuwa wani sashe ne na inji. Suka ƙara da cewa idan ana son sauyi, aikin majalisa ne. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya bi hukuncin, amma ya rubuta cewa a bisa hankali duk abin da ke maimaita jerin sautin da mutum ya tsara ya cancanci a ɗauke shi kwafi. Tun kafin nan, a 1906, shahararren mai tsara kiɗa John Philip Sousa ya tsaya gaban 'yan majalisa yana kukan cewa injuna na cin gumin masu kiɗa, kuma za su sa jama'a su daina rera waƙa da bakinsu.

Masu ba da wannan tarihi galibi a nan suke tsayawa, su ce majalisa ta gyara kuskure a 1909, masu waƙa suka yi nasara. Gaskiya ne sun samu wani abu. Amma abin da aka karɓe musu a cikin dokar guda shi ne ba a cika dubawa ba, kuma shi ne ya yi tsawon rai.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Maris, 1909, ta amince cewa mai waƙa yana da haƙƙi a kan naɗin takarda da faifan garmaho. Sai dai 'yan majalisa na da wata fargaba, kuma ba fargabar banza ba ce. Zamani ne da Amurka ke fama da batun mamaye kasuwa, suka hango cewa idan aka sakar wa masu waƙa cikakken iko, duk mai ƙera piyanon da ya fi ƙarfin jari zai iya saye haƙƙin waƙoƙin shi kaɗai, sauran su rasa abin sayarwa. Mafitar da suka samo ita ce lasisin dole. Mai waƙa yana da ikon hanawa sau ɗaya tak, wato kafin a fara. Da zarar ya yarda wani ya naɗi waƙarsa, to ƙofa ta buɗe ga kowa. Duk mai so ya sanar, ya naɗa, ya biya senti biyu a kan kowane naɗi ko faifai da ya ƙera. Ba sai ya nemi yardar mai waƙar ba.

A kasuwa, idan mai saye ya yi tayin da bai yi maka ba, sai ka ce albarka, ka ci gaba da riƙe kayanka. Wannan kalma ita dokar ta cire daga bakin mai waƙa. Marubucin littafi na iya ƙin mawallafi, mai zane na iya ƙin mai saye, amma mai tsara waƙa, bayan fitowar farko, ba shi da ta cewa a kan wanda zai naɗa, balle a kan farashi.

Farashin kuma cikin dokar kanta aka rubuta shi da lamba. Ba kaso ba ne na kuɗin sayarwa, kuma ba a tanadi hanyar da zai riƙa hawa idan kaya sun yi tsada ba. A 1909 senti biyu ba abin rainawa ba ne. Amma haka ya zauna daram har zuwa 1 ga Janairu, 1978, kusan shekara 69. A tsakanin nan an yi yaƙin duniya biyu, rediyo ya zo, piyano mai kaɗa kansa ya yi tashe a shekarun 1920 ya faɗi, faifai ya sauya siffa, kaset ya shigo, farashin kayan masarufi ya ninka fiye da sau biyar. Senti biyun nan bai motsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda lambar ta koma rufi. Tunda kowa ya san zai iya samun waƙar a senti biyu ko mai ita bai so ba, babu dalilin da zai sa wani ya biya fiye da haka. Duk cinikin da za a yi, ƙasa ake yi da shi. Har bayan an ƙara kuɗin, ya zama ruwan dare a kwantiragin mawaƙan da ke rubuta waƙarsu da kansu a biya su kashi 75 cikin ɗari na abin da doka ta yanka.

Dokar ta kuma ƙunshi wani ɗan sashe da ya ce kiɗan injin da ake jefa wa kwabo ba wasa ne a bainar jama'a ba, muddin ba a karɓi kuɗin shiga wurin ba. Da akwatunan faifai masu karɓar kwabo suka cika gidajen abinci daga baya, wannan sashe ya rufe su, masu waƙa ba su ga komai daga gare su ba sai 1978.

Adalci ne a faɗi amfanin tsarin. Shi ya ba kowane mawaƙi damar sake rera waƙar wani ba tare da roƙo ba, ƙananan kamfanoni suka rayu, waƙoƙi suka yaɗu. Ba na ganin akwai wanda ya zauna da niyyar cutar masu waƙa. An magance matsalar da ke gaban ido ne a 1909, aka bar maganin yana aiki shekaru aru-aru bayan cutar ta wuce, kuma mai waƙa ne ya ɗauki nauyin.

Turai ma ta bi irin wannan hanya da ɗan bambanci. Taron Berlin na 1908 ya gyara yarjejeniyar Berne, ya ba masu kiɗa haƙƙi a kan injuna. Dokar Birtaniya ta 1911 ita ma ta kawo lasisin dole, amma da kaso: biyar cikin ɗari na kuɗin sayarwa, aka ɗaga shi zuwa shida da kwata a 1928, aka soke tsarin baki ɗaya a dokar 1988. A nan ne labarin ya taɓo mu, domin wannan doka ta 1911 an shimfiɗo ta zuwa Najeriya a 1912, ita ce kuma ta yi aiki har 1970. Wato dokar da ke kan ƙasar a zamanin da aka fara naɗar muryoyin mawaƙanmu a faifan garmaho tana ambaton takarda mai huji ƙarara a cikinta.

Amurka ba ta soke nata ba. Dokar 1976 ta yi watsi da maganar sai ido ya karanta, ta ce kwafi kwafi ne ko da sai da na'ura ake gane shi, wanda shi ne tushen da ake kafa hujja da shi yau a kan duk abin da kwamfuta ta adana. Amma ta riƙe lasisin dole, ta ɗaga kuɗin zuwa senti 2.75. Ya yi ta rarrafe har ya kai 9.1 a 2006, ya sake tsayawa har ƙarshen 2022, sannan ya koma 12 a 2023, aka kuma ɗaura shi da hauhawar farashi. A 1995 aka faɗaɗa lasisin ya haɗa da waƙar da ake saukewa ta intanet. Game da sauraro kai-tsaye ta manhaja kuwa, alƙalai uku ne ke yanke kason duk bayan shekara biyar, kuma a yanzu yana ɗan sama da 15 cikin ɗari na kuɗin shigar manhaja. Dokar 2018 ta kafa hukuma guda mai tattara kuɗin, wadda a farkon 2021 aka miƙa mata kimanin dala miliyan 424 na waƙoƙin da aka saurara amma ba a gano masu su ba.

Wannan ya shafi duk marubucin waƙar Hausa da ake sauraron aikinsa a Amurka ta waɗannan manhajoji. Ba za a nemi izininsa a kan kowace waƙa ba, kuma ba da shi za a yanka farashi ba. Kasonsa na rubutu daban yake da kuɗin muryar da aka naɗa, kuma ba ya isowa sai idan an yi wa waƙar rajista da sunansa a wurin masu tattarawar.