Dokar Ingila ta tsare tsohon gida, amma lambunsa fa?

A Ingila, da zarar tsohon gidan wani basarake ya shiga jerin gine-ginen tarihi, mai shi ba ya da ikon sauya tagoginsa ko rushe bangon ɗaki sai ya karɓi izini daga ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi a ƙarƙashin dokar gine-ginen tarihi ta 1990, kuma ana iya gurfanar da shi a kotu. Sai dai irin waɗannan gidaje ba su kaɗai suke tsaye ba. Kowanne yana tsakiyar gandu mai faɗi, da lambuna da tafki da jerin manyan itatuwa da aka dasa da gangan tun ɗaruruwan shekaru. Wannan gandun kuwa, kariyar da doka ta ba shi ba ta kai ta ginin ba.

Abin da ake da shi rajista ce ta irin waɗannan gandaye da lambunan tarihi. Dokar 1983 ce ta ba da ikon buɗe ta, hukumar kula da wuraren tarihi ta Historic England ke riƙe da ita, kuma akwai wurare sama da 1,600 a ciki. An kasa su mataki uku: na ɗaya, na biyu mai tauraro, sai na biyu. Tsufan wuri na ƙara masa daraja. Wanda aka tsara kafin 1750, in har wani sashe na tsarin farko yana nan, yakan samu shiga, amma wanda bai kai shekara 30 ba da wuya a karɓe shi.

A duba fadar Blenheim kusa da Oxford, inda aka haifi Winston Churchill a 1874. A shekarun 1760, mai tsara lambuna Lancelot Brown ya datse ƙaramin kogin Glyme ya mai da shi ƙaton tafki, har ruwa ya cinye ɗakunan da ke ƙasan babbar gadar da John Vanbrugh ya gina. Baƙo zai rantse haka Allah ya halicci wurin, alhali kowane tudu da kowane rukunin itatuwa an auna inda zai zauna. Ita gadar tana cikin jerin gine-ginen tarihi, don haka tana da cikakkiyar kariya. Tsarin filin da ya fito da kyanta kuwa yana mataki na ɗaya a rajista, amma babu wata takardar izini ta musamman da rajistar ta wajabta a nema kafin a taɓa shi.

To mene ne amfaninta? Tana aiki ne a lokacin da wani ya nemi izinin gini: rukunin gidaje, otal, filin ajiye motoci ko sabon titi. Dole ƙaramar hukuma ta auna ɓarnar da aikin zai yi wa gandun, ko da a wajen shingensa za a yi, muddin zai ɓata abin da ido ke hangowa daga ciki. Manufar tsare-tsaren ƙasa da aka fitar a 2012 ta ce ba a yarda da babbar ɓarna ga wuri mai mataki na biyu sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ga matakai biyu na sama kuwa sharaɗin ya fi tsanani nesa ba kusa ba, kuma a kansu sai an ji ta bakin Historic England. A 1995 aka wajabta tuntuɓar ƙungiyar masana tarihin lambuna, wadda daga 2015 ake kira The Gardens Trust. Shawara suke bayarwa, hukunci na hukuma ne.

Giɓin a nan yake, kuma a ganina babba ne. Mai gandu na iya nome filin ciyawar da ya shekara 250, ko ya bar tafki ya cike da laka, ko ya ƙi maye gurbin itatuwan da suka mutu, rajista ba ta da abin cewa, domin ba izinin gini aka nema ba. Bango in ya faɗi magina za su tayar da shi cikin watanni; itacen da aka dasa a zamanin Brown in ya tafi, jikokin jikoki ne za su ga madadinsa. Masu son ceton itatuwa sai sun bi ta wata ƙofa: ƙaramar hukuma na iya sa wa itace ko rukunin itatuwa umarnin kariya, sannan a yankunan da aka keɓe don tarihinsu sai an ba da sanarwar mako shida kafin a sare.

Mutane da yawa na zaton shiga rajista na nufin kowa zai iya shiga ya sha iska. Ba haka ba ne, gandun na mai shi ne, yana iya rufe ƙofarsa. Abin da ke sa wasu buɗewa shi ne harajin gado, wanda a Birtaniya ya kai kashi 40 cikin 100. Magada na iya neman a ɗage musu shi a kan ƙasa mai darajar tarihi, bisa alkawarin za su kula da ita kuma su bar jama'a su shiga gwargwadon yadda aka yi yarjejeniya. Ranar da suka saɓa alkawari, ko suka sayar wa wanda bai ɗauki alkawarin ba, harajin ya hau kansu.