Baƙin katako ba shi ne shaidar tsufa ba

An daɗe ana ɗauka cewa kujera ko kabad ɗin katakon oak (wani icce mai ƙarfi) na Ingila, in ya yi baƙi ƙirin da sassaƙa, aikin ƙarni na 17 ne. Ba laifin mai zaton ba ne, domin kafintocin zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, da gangan suka kwaikwayi tsohon salon. Sukan rina sabon katako, har su sassaƙa tsohuwar shekara a jikinsa.

Don ka bambance tsoho da kwaikwayo, ka zaro durowa ka duba ƙasanta. Sawun zarto mai lanƙwasa kamar baka aikin inji ne, na hannu a miƙe yake, bai cika daidaita ba. Kayan ƙarni na 17 kuwa galibi da turakun itace aka haɗa su.

Don Allah a tura wa masu sha'awar tsofaffin kaya.