Me ake nufi da "raba addini da gwamnati" a Amurka?

Duk sanda rigima ta tashi a Amurka kan addu'a a makaranta ko auren jinsi, sai ka ji ana ambaton "katangar da ke tsakanin coci da gwamnati". Ma'anarta a taƙaice: gwamnati ba ta da addinin kanta, ba ta kuma da ikon hana kowa yin nasa. Tushenta gyaran farko ne da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791.

Da yawa na zaton mulhidai, wato waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, su suka ƙirƙiro ta. Ba haka ba ne. Shugaba Thomas Jefferson ne ya yi amfani da kalmar katanga a 1802, cikin wasiƙar da ya aika wa Kiristoci 'yan Baftis na garin Danbury, waɗanda ke tsoron danniyar cocin da ya fi ƙarfi a jiharsu. Masu addini marasa rinjaye ne suka fara neman wannan kariya.

Daga baya ne mulhidai suka ɗauki zancen da zafi. Wata mulhida mai suna Madalyn Murray O'Hair na cikin waɗanda ƙararsu ta sa Kotun Ƙoli ta hana karatun Baibul na dole a makarantun gwamnati a 1963, a shekarar kuma ta kafa ƙungiyar da yau ake kira American Atheists, wato Mulhidan Amurka. Amma har gobe takardar dala na ɗauke da rubutun da ke cewa ga Allah suka dogara. Katangar dai ba ta kai tsayin da ake zato ba.

Auren jinsi ya ƙara fito da inda iyakar take. A Yunin 2015 Kotun Ƙoli ta halatta shi a faɗin ƙasar, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Fasto ko limami na da damar ƙin ɗaura irin wannan aure, ba mai taɓa shi. Amma da Kim Davis, ma'aikaciyar rajista a jihar Kentucky, ta ƙi bayar da takardar aure saboda imaninta, alƙali ya tsare ta kwana biyar, don a kujerar gwamnati take zaune.

Sashe na 10 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, amma a 2014 ƙasar ta haramta auren jinsi da hukuncin ɗaurin shekara 14.