Ra'ayoyin Masana Kan Halin Ɗan Adam

A ilimin halayyar ɗan Adam, hali shi ne yadda mutum ya saba tunani da ji a rai da aikatawa, abin da ke binsa duk inda ya shiga, ya kuma bambanta shi da wani. Fushin yini ɗaya ba a kiransa hali, sai wanda aka san mutum da shi shekara da shekaru. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan inda hali ke samo tushe, da yawan rabe-rabensa, da kuma ko yana sauyawa ko zanen dutse ne kamar yadda Bahaushe ke cewa.

Ra'ayin da ya fi daɗewa

Likitocin Girka, tun daga Buƙrat har zuwa Jalinusu a ƙarni na 2 miladiyya, sun ɗora hali a kan ruwaye huɗu na jiki: jini, majina, da ruwan matsarmama iri biyu waɗanda Larabawa ke kira safra da sauda. Mai yawan jini ana ganinsa da fara'a, mai safra da zafin zuciya, mai sauda da baƙin ciki, mai majina kuwa da sanyin jiki. Ibn Sina (980–1037) ya faɗaɗa wannan a bayaninsa na mizaji, wato yanayin jiki da ɗabi'ar kowane mutum. Likitancin zamani ya yi watsi da batun ruwayen.

Freud da almajiransa

Sigmund Freud (1856–1939), likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ce mafi yawan abin da ke juya mutum yana can ƙasan zuciya inda shi kansa bai sani ba. A 1923 ya kasa rai gida uku: ɓangaren sha'awa mai son biyan buƙata nan take, ɓangaren da ke auna abin da zai yiwu, da ɓangaren tarbiyya mai tsawatarwa da muryar iyaye. Wasu kan kwatanta wannan da nafsul ammara da nafsul lawwama na malaman Musulunci, sai dai kamannin na sama-sama ne, domin Freud bai gina ra'ayinsa kan addini ba. Babban sukan da ake masa shi ne da wuya a gwada maganarsa: in majinyaci ya amince an ce ta tabbata, in ya musa a ce yana danne gaskiya ne.

Wasu na kusa da shi sun watse tun yana raye. Alfred Adler ya fice a 1911, yana ganin jin ƙasƙanci da ƙoƙarin cike giɓinsa ne ke tuƙa mutum. Carl Jung ɗan Suwizalan ya raba gari da shi a 1913, kuma a 1921 ya fito da rabon da ya fi shahara har yau, tsakanin mai samun kuzari cikin jama'a da mai samunsa a keɓe. Daga nan Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara gwajin da ke kasa mutane gida 16. Kamfanoni na sonsa, masu bincike kuwa ba su cika yarda da shi ba, don mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan.

Koyo da muhalli

A Amurka B. F. Skinner ya ɗauki hali a matsayin sabo da lada da horo suka gina. Albert Bandura ya ƙara da kwaikwayo: a gwajinsa na 1961 a Jami'ar Stanford, yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana ta roba sun fi jibgarta su ma. Abraham Maslow da Carl Rogers sun fi karkata ga burin mutum na kaiwa ga iyakar baiwarsa.

Ƙirga kalmomi

Hanyar da ta fi rinjaye a yau ta faro ne daga ƙamus. Tunanin shi ne, duk bambancin da ya dami mutane a zamansu da juna, harshensu zai ba shi suna. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsinto kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum daga ƙamus ɗin Ingilishi, suka ware kimanin 4,500 da suka shafi ɗabi'a mai ɗorewa. Raymond Cattell ya tace su da lissafi zuwa 16. Hans Eysenck a Landan ya ga biyu sun isa, daga baya ya ƙara ta uku. A 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, suna aiki wa rundunar sojan saman Amurka, suka tarar abubuwa biyar ne ke ta maimaita kansu, waɗanda Lewis Goldberg ya raɗa wa suna Manyan Biyar a 1981: son sabon abu, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa.

Wannan tsari ma'auni ne, kowa na da matsayi a kan kowace siffa, akasarin mutane kuma suna tsakiya. Ana ba mutum jimla irin "Nakan gama aiki kan lokaci", ya zaɓi daga 1 zuwa 5. Daga baya Michael Ashton da Kibeom Lee, bayan duba harsuna da dama, suka ƙara ta shida, wato gaskiya da tawali'u.

Ko zanen dutse ne?

A 1968 Walter Mischel ya tayar da ƙura da ya nuna dangantakar sakamakon gwajin hali da abin da mutum ke aikatawa a wani yanayi ba ta cika wuce 0.30 ba, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar dangantaka. Malamin da ke tsawa a aji yana iya zama rago a gaban surukinsa. An daidaita daga baya cewa siffa ba ta faɗin abin da mutum zai yi gobe da safe, amma tana faɗin inda ya fi karkata a tsawon lokaci. Binciken tagwaye, har da na Jami'ar Minnesota ta Amurka da aka soma a 1979 kan waɗanda suka tashi a gidaje daban, ya nuna gado na da kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane. An kuma ga cewa da girma yawanci mutum kan ƙara natsuwa da riƙon aiki.

Batun al'ada

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje an gina su ne kan Turawa masu karatu. A 2013 Michael Gurven da abokansa suka gwada Manyan Biyar kan al'ummar Tsimane ta Bolibiya, siffofin biyar ba su fito ba. A ɓangaren Hausa, A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa nazari a 1974 kan mutumin kirki, inda ya kawo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kunya ce ta fi wuyar sa wa gurbi. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko amaryar da ke sunkuyar da kai gaban iyayen miji, takardar gwaji na iya rubuta ta cikin masu gudun jama'a, alhali a gidan biki ita ce ke kan gaba wajen guɗa.