Hawjan (jerin littattafai)

Hawjan jerin ƙagaggun labarai ne na Larabci da marubucin Saudiyya Ibrahim Abbas ya rubuta. Littafin farko ya fito a 2013 daga kamfanin Yatakhayyalun, wanda Abbas ya kafa tare da Yasir Bahjat, kuma Bahjat ɗin ne ya fassara shi zuwa Turanci.

Labarin

A Jidda abin ya faru. Hawjan aljani ne Musulmi mai shekara casa'in da 'yan kai, wato saurayi a lissafin jinsinsu. Wasu bil'adama suka tare a gidan da yake zaune da danginsa, ya kamu da son 'yar mutanen, Sausan, ɗalibar likitanci. Ba ta ganinsa. Ta wani allon haruffa da ake kiran ruhohi da shi suke magana, har aka gano tana da cutar daji a ƙwaƙwalwa, matsafa kuma suka samu ƙofar shiga gidan.

Dalilin ɗorewarsa

Aljanin ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma nan ƙarfin littafin yake. A wurinsa mutane ne baƙin da suka mamaye masa gida, su ne abin tsoro. Littattafan soyayya na Turai irin wannan kan jingina da masu shan jini, waɗanda mai karatu ya san ƙirƙira ce. Aljani kuwa yana da sura guda a Alƙur'ani.

Ga Hausawan Makka da Jidda, jikokin alhazan da suka zauna a Hijaz, waɗanda Larabci ne harshen karatunsu, batun ba baƙo ba ne. A al'adar Hausa an daɗe da sanin namijin dare, da budurwar da ake cewa aljani ya aure ta idan manema suka yi ta gudu, a kai ta wurin mai ruƙiyya. A can aljanin cuta ne da ake neman rabuwa da shi. Hawjan ya ba shi uwa da kunya da tsoron Allah, abin da ba ƙaramin sauyi ba ne.

Taƙaddama

Wajen ƙarshen 2013 an ruwaito cewa 'yan hisba sun sa an janye littafin daga wasu shaguna bisa zargin yaɗa sihiri. Daga baya ya dawo kasuwa. Kan auren mutum da aljani, malamai sun yi saɓani tun da.

Sauran littattafan da fim

Littattafan Hunaka da Binyamin sun biyo baya a jerin. Fim ɗin littafin farko, wanda Yasir Alyasiri ya ba da umarni, shi ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a Jidda ranar 30 ga Nuwamba, 2023.